Tsami da Kanwa a Jikin Mutum: Yadda Ma'aunin pH Ke Sarrafa Narkewar Abinci

1.0 Gabatarwa

Idan wata rigima ta zo ƙarshe, Hausawa kan ce, "Kanwa ta kar tsami, ƙwannafi ya kwanta." Wannan karin magana ya samo asali ne daga abin da aka daɗe ana gani a madafa da kuma jikin mutum. Mai miyar yakuwa takan jefa 'yar kanwa a tukunya, miyar ta taso da kumfa, tsaminta ya ragu. Haka nan wanda ƙirjinsa ke zafi bayan cin abinci yakan jiƙa kanwa ya sha, ya yi gyatsa, ya ji sauƙi. Saboda haka jama'a da yawa suka ɗauka cewa tsami a cikin mutum cuta ne, kashe shi kuwa magani.

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa al'amarin ya wuce haka. Hanyar da abinci ke bi daga baki zuwa hanji zango-zango ce, kuma kowane zango da gwargwadon tsaminsa. Sinadaran da ke narkar da abinci kuwa kowane ba ya aiki sai a gwargwadon da ya dace da shi. Akwai zangon da in babu tsami aiki ya tsaya, akwai kuma wanda in tsami ya shige shi aiki ya ɓaci.

2.0 Ma'aunin Tsami

Harshe yana jin tsami, amma ba ya iya auna shi. Abin da harshe ke ji shi ne wasu 'yan ƙananan ƙwayoyin haidirojin masu ɗauke da caji, waɗanda asid ke saki idan ya shiga ruwa. Gwargwadon yawansu, gwargwadon ƙarfin tsamin. Kishiyar asid kuwa ita ce abin da ke kwashe waɗannan ƙwayoyi, kamar kanwa da ruwan toka. Masana kimiyya suna kiran irin waɗannan abubuwa alkali, kalmar da Turawa suka aro daga Larabci, inda take nufin tokar wasu tsire-tsire. Domin guje wa rikita ta da alƙalin kotu, a nan za a riƙa cewa ɓangaren tsami da ɓangaren kanwa.

A shekarar 1909 wani masani ɗan ƙasar Danmak mai suna Sorensen, wanda ke aiki a ɗakin binciken Carlsberg a birnin Kofanhegan, ya fito da ma'aunin da ake kira pH. Ya fito da shi ne yana tsakiyar bincike a kan sinadaran da ke hanzarta sauyi a jikin masu rai, bayan ya lura cewa ƙarfin aikinsu na bin yawan ƙwayoyin haidirojin da ke cikin ruwan da suke. Watau tun farko ma'aunin an ƙago shi ne domin amsa irin tambayar da ke gaban wannan maƙala.

Ma'aunin yakan tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, kamar ruwa tsantsa. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, sama da 7 kuwa ɓangaren kanwa. Ga kimanin matsayin wasu sanannun abubuwa:

ruwan tumbin mutum: 1 zuwa 3
ruwan lemon tsami: 2 zuwa 2.5
ruwan tsamiya: kusan 3
kindirmo: kusan 4.5
madarar shanu sabuwar tatsa: kusan 6.6
jini: 7.4
ruwan kanwa: kusan 10

Akwai abubuwa biyu da kan rikita mai koyo. Na farko, ƙanƙantar lamba ita ce yawan tsami. Na biyu, tazarar da ke tsakanin lamba da mai bi mata ninki goma ce. Abin da ke kan 2 ya fi wanda ke kan 3 tsami sau 10, ya fi wanda ke kan 4 sau 100, ya kuma fi wanda ke kan 7 sau 100,000. Saboda haka matsawar lamba ɗaya tak babban sauyi ne ga duk abin da ke cikin ruwan.

3.0 Inzayim da Siffarsa

Sitacin tuwo da furotin na nama da maiƙon man shanu duka manyan ƙwayoyi ne da ba sa iya ratsa bangon hanji su shiga jini. Dole sai an daddatsa su. Masu wannan aiki su ne sinadaran da ake kira inzayim, sunan da Wilhelm Kuhne na Jamus ya raɗa musu wajen 1877. Inzayim yana hanzarta datsewar ba tare da shi kansa ya ƙare ba, kuma kowane nau'i da irin abin da yake datsawa.

Shi kansa inzayim furotin ne, watau dogon zare ne da aka jera wasu ƙananan ƙwayoyi masu suna amino asid a kansa, kamar duwatsun wuya, iri ashirin daban-daban. Zaren yakan nannaɗe ya ɗauki wata siffa tabbatacciya, a jikin siffar kuma akwai wani ɗan gurbi inda abin da za a datsa ke shiga. A 1894 Emil Fischer ya kwatanta wannan da kwaɗo da mabuɗinsa. Daga baya, a 1958, Daniel Koshland ya nuna cewa gurbin yakan ɗan motsa ya rungumi abin da ya shige shi. Ko ta wace fuska aka duba, aikin inzayim ya rataya ne a kan siffarsa.

A nan ne tsami ke shigowa. Wasu daga cikin amino asid ɗin suna karɓar ƙwayar haidirojin idan ta yi yawa a ruwa, su sake ta idan ta yi ƙaranci, kuma duk lokacin da haka ta faru cajinsu yakan sauya. Illar wannan kashi biyu ce. Ta farko, amino asid ɗin da ke cikin gurbin, waɗanda su ne wuƙar yankan, ba sa yanka sai suna ɗauke da cajin da ya dace. Ta biyu, jan juna da ke tsakanin masu caji mabambanta yana cikin abin da ke riƙe da naɗin zaren, don haka in cajin ya sauya da yawa sai naɗin ya warware.

Wajibi ne a bambance waɗannan illoli biyu. Idan ma'auni ya ɗan kauce, inzayim suma yake yi, in aka mayar da shi muhallinsa sai ya farfaɗo. Idan kuwa ya kauce da nisa har zaren ya warware, to mutuwa ce, kamar yadda dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye. In aka zana ƙarfin aikin inzayim a kan ma'aunin pH, zanen yakan fito kamar ƙwaryar da aka kife: ƙololuwa a wuri guda, gangare ta kowane gefe.

4.0 Tafiyar Loma

Domin a ga yadda wannan ke gudana, sai a bi lomar tuwon dawa da miyar kuka, da ɗan nama da man shanu, zango bayan zango.

4.1 Baki

Miyau yana kusa da tsaka-tsaki, galibi wajen 6.8. A cikinsa akwai inzayim mai suna amilas, wanda ke datsa sitaci ya mai da shi ƙananan ƙwayoyin sukari, kuma ƙololuwar aikinsa tana dab da 7. Wanda ya daɗe yana tauna gurasa ko dafaffen rogo zai ji ɗan zaƙi ya fito, wannan aikin amilas ne. Sai dai tuwo haɗiye shi ake yi, bai cika daɗewa a baki ba, saboda haka abin da miyau ke yi masa kaɗan ne. Amilas ɗin da ya bi lomar yakan ci gaba da aiki na ɗan lokaci a tsakiyarta, inda ruwan tumbi bai kai ba tukuna. Da zarar tsami ya ratsa ta, ma'auni ya sauka ƙasa da 4, sai aikinsa ya tsaya.

4.2 Tumbi

A 1824 William Prout na Ingila ya bayyana cewa tsamin tumbi na asid haidirokilorik ne. A daidai wannan zamani wani likitan sojan Amurka, William Beaumont, ya sami damar da ba a saba samu ba. A 1822 an harbi wani saurayi ɗan Kanada mai suna Alexis St. Martin bisa kuskure a tsibirin Mackinac, raunin ya warke amma ya bar kafa wadda ta zarce har cikin tumbi. Ta wannan kafa Beaumont ya riƙa zura nama ɗaure da zare yana jawowa yana dubawa, yana kuma ɗibar ruwan tumbin yana gwadawa a kwalba. Sakamakon da ya buga a 1833 ya tabbatar da cewa ruwan tumbi ne ke narkar da nama, ba murza kaɗai ba. A 1836 kuma Theodor Schwann ya gano cewa ban da asid akwai wani sinadari a ruwan, ya sa masa suna fefsin.

Fefsin shi ne mai fara datsa furotin, kuma ƙololuwar aikinsa tana wajen 2. A gurbinsa akwai amino asid guda biyu iri ɗaya, waɗanda ba sa yanka sai ɗaya na riƙe da haidirojin, ɗaya kuma ya saki nasa, yanayin da ke samuwa a cikin tsami. Idan ma'auni ya haura 5 aikinsa yakan yi rauni ƙwarai, wajen 6.5 ya suma, in ya wuce 8 kuwa ya mutu.

Tumbi ba ya fitar da fefsin a shirye, domin da zai cinye ƙwayoyin da suka ƙera shi. Yana fitar da shi ne cikin kube, da wani ɗan guntun zare da ya toshe gurbinsa. Tsami ne ke sa wannan guntu ya tsinke, sa'an nan fefsin ɗin da ya farka ya taimaka wajen tada sauran. Har ila yau tsamin yana warware naɗin furotin na nama domin fefsin ya sami wurin kamawa, yana kuma kashe da yawa daga cikin ƙwayoyin cuta da suka biyo abinci. Shi kuwa bangon tumbi, abin da ke kare shi wani yauƙi ne mai kauri da ke riƙe da sinadarin baikabonet, har ya zama ma'auni a fuskar bangon yana kusa da 7 alhali a tsakiyar tumbin yana wajen 2.

4.3 Hanji

Bayan sa'o'i kaɗan lomar ta zama ruwa-ruwa kamar kunu, mai tsananin tsami. Ƙofar tumbi takan riƙa sakin ta kaɗan-kaɗan zuwa farkon ƙaramin hanji, wani yanki mai tsawon kimanin santimita 25. A nan ne ruwan matsarmama da na fankiriyas ke kwararowa. Fankiriyas wata tsoka ce doguwa da ke kwance a bayan tumbi, kuma daban take da saifa, ko da yake akan rikita su wajen fassara.

A 1902, a birnin Landan, Bayliss da Starling suka yanke jijiyoyin wani yanki na hanjin kare, suka zuba asid a ciki, sai suka ga fankiriyas ta fitar da ruwa duk da haka. Suka gane cewa bangon hanji ne ke aika saƙo ta cikin jini, suka kira saƙon sikiritin, wanda shi ne homon na farko da aka gano. Hanji yana sakin sikiritin idan ma'auni a cikinsa ya sauka ƙasa da 4.5, ita kuma fankiriyas sai ta amsa da ruwa mai yawan baikabonet, wanda ma'auninsa ke wajen 8. Nan take tsamin ya mutu, ma'auni ya tashi zuwa wajen 6, ya ci gaba da hawa har ya ɗan haura 7 a ƙarshen ƙaramin hanji. Watau a wannan zango jiki da kansa yake zuba kanwarsa.

Wannan sauyi ne ke sallamar fefsin, ya buɗe wa wasu fili. Tirifsin, wanda ke ci gaba da datsa furotin, ya fi ƙarfi tsakanin 7.5 da 8.5, domin a gurbinsa akwai wani amino asid da aikinsa shi ne karɓar haidirojin a lokacin yanka, in kuwa tsami ya riga ya cika masa hannu ba ya iya karɓa. Amilas na fankiriyas, wanda ya fi son wajen 7, shi ke yin mafi yawan aikin da ya rage a kan sitacin tuwo. Lifas kuma, mai datsa maiƙo, ya fi son 7 zuwa 8, yana aiki bayan ruwan matsarmama ya farfasa man shanun zuwa 'yan ƙananan ɗigo. A fuskar bangon hanji akwai wasu nau'o'in da ke ƙarasa datsa sukari, kamar laktas mai narkar da sukarin madara, waɗanda suka fi son wajen 6.

5.0 Idan Ma'auni Ya Kauce

Abin da ke faruwa ga marasa lafiya shi ne babbar shaidar wannan tsari. A 1955 likitocin fiɗa biyu na Amurka, Zollinger da Ellison, suka bayyana wata cuta wadda wani ƙari ke sa tumbi ya yi ta zubo asid fiye da abin da fankiriyas za ta iya kashewa. Ban da gyambo, masu ita sukan yi zawo mai maiƙo, domin tsamin da ya cika hanji yana kashe lifas, wanda ba ya farfaɗowa in ma'auni ya sauka ƙasa da 4. Fankiriyas ɗinsu na fitar da inzayim, amma muhallin aikin ne ya ɓaci. Saboda irin wannan dalili ne ake lulluɓe ƙwayoyin maganin inzayim da ake ba masu ciwon fankiriyas da wani rufi da ba ya narkewa sai ma'auni ya haura 5.5, domin su wuce tumbi lafiya.

Ƙarancin tsami ma yana da nasa sakamako. Magungunan rage asid, irin su cimetidine da ya fito a 1976 da omeprazole da ya biyo baya a 1988, sun rage buƙatar yi wa masu gyambon ciki fiɗa ƙwarai da gaske. Sai dai wanda ya shekara da shekaru yana shan su yana iya samun ƙarancin bitamin B12, domin asid da fefsin ne ke ɓamɓaro shi daga jikin furotin na abinci. Ƙarfen da ke cikin hatsi da ganye ma ya fi shiga jini idan ya bi ta cikin tsami. Bugu da ƙari, gwajin da aka yi da masu sa kai a Amurka a farkon shekarun 1970 ya nuna cewa idan mutum ya sha baikabonet, adadin ƙwayoyin kwalara da za su iya kama shi yakan ragu sau dubbai. Furotin kuwa yana narkewa ko da fefsin ya yi rauni, saboda tirifsin da 'yan uwansa suna cike giɓin.

Game da gyambon ciki, an daɗe ana ɗora laifinsa a kan tsami kaɗai. A 1982 Warren da Marshall na Ostareliya suka ware wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori daga tumbin mutane, aikin da ya ba su lambar Nobel a 2005. Ita wannan ƙwaya tana da nata inzayim da ke samar da amoniya, ta kashe tsamin da ke kewaye da ita, ta zauna cikin yauƙin bango tana raunana shi. Ita da magungunan ciwon jiki dangin asfirin su ne manyan musabbabin gyambo.

6.0 Kanwa da Ƙwannafi

Kanwar da fatake suka daɗe suna kawowa kasuwannin ƙasar Hausa daga Manga da Borno da kewayen Tafkin Chadi, mafi yawanta kabonet ne da baikabonet na sodiyam. Ke nan tana ɗauke da irin sinadarin da fankiriyas ke fitarwa. Idan ta haɗu da asid sai iskar kabon ta fita, wadda ita ce kumfar miyar yakuwa, ita ce kuma gyatsar mai ƙwannafi. Shi ƙwannafi yana faruwa ne idan ruwan tumbi ya tsallake ƙofar sama ya hau hanyar abinci, wadda ba ta da irin kariyar tumbi. To karin maganar gaskiya ya faɗa: kanwa tana kashe tsami, zafin kuma ya lafa.

Bambancin shi ne jiki yana zuba tasa kanwar ne bayan tumbi ya gama aiki, a cikin hanji, daidai gwargwadon tsamin da ya iso. Wadda aka sha kuwa a tumbi take sauka, babu awo. Tana dakatar da fefsin na ɗan lokaci, tumbi kuma in ya ji tsaminsa ya ragu yakan ƙara zubo wani. Ba ta gyara ƙofar da ke barin ruwa ya hau sama, ba ta kuma kashe ƙwayar gyambo. Daɗin daɗawa, yawan sodiyam da ke cikinta nauyi ne ga mai hawan jini ko ciwon zuciya ko na ƙoda. 'Yar kanwar miya ba ita ce abin dubawa ba, sai dai mai da jiƙon kanwa maganin kullum, wanda kan ɓoye ciwon da ya kamata likita ya duba.

7.0 Gwaji a Aji

Malami yana iya nuna waɗannan abubuwa da kayan gida. Ruwan zoɓo yana sauya launi bisa ma'auni: in aka ɗiga masa lemon tsami sai jansa ya ƙara haske, in aka ɗiga ruwan kanwa sai ya yi duhu ya karkata zuwa shuɗi-shuɗi ko kore.

Domin nuna aikin amilas, sai a dafa ɗan sitaci a tsarma shi sosai, a raba kofi biyu. A zuba cokalin ruwa a ɗaya, cokalin ruwan khal a ɗaya, sa'an nan a sa miyau daidai wa daida a kowane, a ajiye su cikin ruwa mai ɗumin jiki kamar minti ashirin. Idan aka ɗiga aidin, kofin khal zai yi shuɗi mai duhu domin sitacinsa na nan, ɗayan kuwa ba zai yi ba, ko ya yi kaɗan. Kada a yi wannan gwaji da lemon tsami ko kanwa ko koko: na farko da ta biyu suna kashe launin aidin, shi kuwa koko da tsaminsa ya zo.

8.0 Kammalawa

An ga cewa loma guda tana ratsa muhalli uku: baki mai tsaka-tsaki, tumbi mai tsananin tsami, da hanji mai komawa ɓangaren kanwa. Amilas da fefsin da tirifsin da lifas kowane yana da zangonsa, kuma sauyin ma'auni ne ke tada wani ya kwantar da wani, saboda yana sauya cajin amino asid da siffar inzayim. Kalmomin tsami da kanwa da toka, waɗanda ɗalibi ya taso da su a gida, sun isa a gina masa wannan darasi a kansu, muddin an haɗa masa da lambobin ma'aunin. Abin da zai ƙara a kan karin maganar iyayensa shi ne sanin wurin da ya kamata kanwa ta kar tsami, da wurin da ya kamata a bar tsamin ya yi aikinsa.